Yadda za ka ɗaure ribab da gudun kiɗa a fiyanon kwamfuta

Kafin ka taɓa kwamfuta, shiga wani zauren ƙasa irin na cikin Birni, mai kaurin bango da rufin azara, ka tafa hannu sau ɗaya. Tafin zai fito a dunƙule, ya mutu nan take, kamar ƙasar ta haɗiye shi. Daga nan ka nemi shagon siminti mai rufin kwano da ba a zuba kaya ba tukuna, ka sake tafawa. A nan sautin zai yi ta karo da bango, ya bar wani amo mai kaifi yana bin bayansa. Wannan amon da ɗaki ke mayar maka shi ne ribab. Ba shi ne amsa-kuwwa ba. Amsa-kuwwa ita ce wadda kake ji in ka yi kira a fili sautin ya bugi dutse ko doguwar katanga ya dawo maka da kalmarka a rarrabe, ita ce masu situdiyo ke kira dile. Ribab kuwa dubban amsa-kuwwa ne da suka cakuɗe har kunne ba ya iya ƙirga su.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne waƙoƙin da nake ji a fada da wuraren biki. Murya mai daɗi, kiɗa mai daɗi, amma sai ka kasa kunne sau uku kafin ka gane sunan amaryar da ake wasawa. Ni ma na yi wannan ɓarnar. Na taɓa haɗa wa wani ƙanen abokina waƙar biki, na zuba mata ribab har ta yi nauyi, a kunnena cikin ɗaki kamar a fadar sarki ake rera ta. Da aka kunna ta a filin biki, uwar amarya ta kira shi gefe ta ce, "Ɗana, muryarka ce dai na ji, amma me ka ce?" Laifin ba na yawan ribab ba ne kaɗai. Ban auna tsawonsa da gudun kiɗan ba, don haka wutsiyar kowace kalma tana hawa kan wadda ke biye da ita.

Hausa kuwa ba ta jure wannan. Harshe ne da tsawon wasali da hawa da saukar murya ke sauya ma'ana, ga ƙ da ɓ da ɗ da ts waɗanda ƙarfinsu duka a farkon fitarsu yake. In amo ya rufe bakin gaɓa, kalmar ta tafi.

Mataki na farko: tsayar da gudun kiɗa, kada ka bar shi sai daga baya

Gudun kiɗa ana auna shi da yawan bugu a minti ɗaya, shi ne lambar da ke kusa da haruffan BPM a saman manhajarka. Yawancinmu FL Studio muke amfani da ita, ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, don haka da ita zan yi misali, amma ko wace manhaja ka riƙe ka'idar ɗaya ce.

Kada ka zaɓi lamba da ka. Sa mawaƙin ya rera amshin waƙar yadda bakinsa ya saba, ba tare da kiɗa ba, kai kuma ka bi shi da tafi. A FL Studio, in ka danna ɓangaren dama na linzami a kan lambar gudun, akwai wurin da za ka riƙa bugawa da yatsa manhajar ta lissafa maka. Buga sau goma sha shida ko fiye, kada ka tsaya a huɗu. In ta ba ka 99.6, mayar da ita 100.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, ninki: kiɗan da kake ji a 70 wani zai ƙirga shi 140, kuma duka biyun daidai ne. Zaɓi wanda ƙafarka ke takawa a kai, ka tsaya a kansa. Na biyu ya fi shafar mu. Da yawa daga cikin kiɗanmu na kalangu da ganga bugu ɗaya kashi uku yake rabuwa, ba biyu ko huɗu ba. In ka saurara ka ji "ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu-uku" a cikin kowane taku, rubuta wannan a gefe, don zai sauya lissafin da ke tafe.

Sai maganar wa ke jan ragama. In fiyanon kwamfutar, wato sintasaiza irin su Vital ko Surge XT waɗanda ake samu kyauta, a cikin FL Studio ka buɗe shi, daga wurinta yake karɓar gudu, ba ruwanka. In kuma shi kaɗai ka buɗe, to yana da nasa gudun da za ka saita da hannu. Wanda ke haɗa fiyanon Yamaha mai kiɗa a ciki da kwamfuta ta wayar MIDI, wato wayar da kayan kiɗa ke aika wa juna saƙo ta cikinta, dole ɗaya ya zama shugaba ɗaya mabiyi. Agogon MIDI ƙyaftawa 24 yake aikawa a kowane bugu, kuma in ka bar kowanne yana bin nasa agogon, ko da lamba ɗaya ka sa musu, kafin ƙarshen waƙa za ka ji sun fara rabuwa.

Mataki na biyu: lissafi ɗaya tak

Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa, don haka minti ɗaya milisakan 60,000 ne. Raba 60,000 da gudun kiɗanka, abin da ya fito shi ne tsawon bugu ɗaya.

A gudun 100, bugu ɗaya milisakan 600 ne. Rabinsa 300, rubu'insa 150, rabin wannan 75, rabin wancan kuma 37.5. Bugu biyu 1,200, zagaye ɗaya mai bugu huɗu 2,400. In kiɗanka mai rabuwa uku ne, raba 600 gida uku: 200, sai 100, sai 50, sai 25. A gudun 120 kuwa bugu ɗaya 500 ne, sai 250, 125, 62.5 da 31.25.

Rubuta waɗannan a takarda ka manna kusa da allon kwamfuta. Ni a bayan kwalin shayi nake rubutawa, kowace waƙa da nata kwalin. Duk abin da za mu murɗa daga nan, daga wannan takardar za mu ɗebo shi.

Mataki na uku: kashe ribab ɗin da ya zo da sautukan

Wannan ne mutane suka fi tsallakewa. Sautukan da ke zuwa a shirye cikin sintasaiza, masu haɗa su sun cika su da ribab da dile don su burge ka in ka danna maɓalli ɗaya. Ka ɗauko sarewa da nata babban zaure, goge da nasa kogo, fiyano da nasa ɗaki, ka tara su a waƙa ɗaya, sai ya zama kowane makaɗi a wani gida daban yake zaune. Ga shi kuma kowane ɗaya yana cin ƙarfin kwamfuta, abin da mai tsohuwar kwamfuta a zafin watan Afrilu ya fi kowa sani, lokacin da fanka ke kuka sauti yana tsinkewa.

Shiga shafin tasirin sauti na kowane sintasaiza ka kashe ribab ɗinsa. Sannan a miksa, wato inda ake haɗa layukan sauti a manhajar, ka ware layi ɗaya da babu kowane kayan kiɗa a kansa, ka ɗora ribab guda, misali Fruity Reeverb 2. Sauke DRY ɗinsa, wato maɓallin sautin asali, ƙasa gaba ɗaya, domin wannan layin amo kaɗai zai riƙa fitarwa. Daga nan kowane layi sai ka aika sautinsa zuwa layin ribab ɗin gwargwadon amon da yake buƙata. Ɗaki ɗaya ke nan, kowa a cikinsa, wani kusa da ƙofa wani can ƙurya.

Wuri ɗaya nake barin ribab na cikin sintasaiza: in amon wani ɓangare ne na sautin kansa, kamar shimfiɗar sauti mai laushi da ke kwance a bayan waƙa, wadda in ka cire mata shi ta zama wani abu daban. A nan ma sai na gyara tsawonsa da lambobin takardata.

Mataki na huɗu: jinkirin farko

A nan zan daɗe, domin a ganina wannan maɓallin ya fi sauran amfani ga mai waƙar Hausa, kuma shi aka fi mantawa da shi. A Reeverb 2 an rubuta masa DEL, a Vital kuma yana cikin akwatin ribab da sunan jinkiri. Aikinsa shi ne ya riƙe amon na ɗan lokaci bayan sautin asali ya fita.

Dalilinsa daga ɗaki na gaske ya samo asali. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa in iska na da sanyin digiri 20, a zafinmu na digiri 40 kuwa ya kai wajen 355. In bango na nesa da kai da mita biyar, zuwa da dawowa mita goma ke nan, kusan milisakan 29. A cikin wannan ɗan tsakanin, muryarka ita kaɗai ce a fili, tsaf, kafin ɗaki ya amsa. Kunne da wannan tazarar yake gane girman wuri, kuma a cikinta ne baƙaƙen kalma ke samun damar fita. In ka bar jinkirin a sifili, amo da murya tare suke tashi, sai muryar ta ja baya kamar an sa mata mayafi.

Ga yadda nake yi a gudun 100. Murya: na fara da 37.5, in manhajar ba ta karɓar rabi sai in sa 38. In waƙar mai natsuwa ce, irin ta bege ko ta ta'aziyya, na kan kai 75. A kiɗa mai rabuwa uku, 50 ya fi zama daram. Kayan bugu irin su kalangu da tafi: tsakanin 10 da 20, don in ya yi yawa za ka ji kamar an buga sau biyu. Shimfiɗar baya: ko sifili ma ya yi, ai so ake ta yi nisa.

Gwada da kunnenka haka. Zaɓi layi ɗaya na waƙar mai baƙaƙe masu ƙarfi, irin "ƙauna ta ɗore", ka sa shi yana maimaituwa. Ƙara amon fiye da kima da gangan. Fara da sifili, ka riƙa murɗa jinkirin a hankali. Akwai inda za ka ji ƙ ɗin ta ɓullo kamar an buɗe taga. In ka wuce wajen 100, amon zai rabu da muryar ya koma amsa-kuwwa mai zaman kanta. Tsakanin waɗannan biyun, ɗauki lambar takardarka da ta fi kusa. Reeverb 2 yana da ɗan maɓallin da ke ɗaure wannan jinkirin da gudun kiɗa kai tsaye, in ka kunna shi ya rage maka aiki.

Mataki na biyar: tsawon wutsiya

Maɓallin DEC a Reeverb 2 shi ne lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu. Ma'aunin ya samo asali daga wani malamin kimiyya na jami'ar Harvard a Amurka, Wallace Sabine, wanda daga 1895 aka ba shi aikin gyara wani zauren lacca da ba a jin magana a cikinsa. Da dare yake aiki, da bututun busa da agogon auna daƙiƙa, yana kwaso matasan kujeru daga wani zaure yana jerawa, yana auna yadda amon ke gajarta. Daga aikinsa aka samu ma'aunin da ake bi har yau: lokacin da sauti ke ɗauka ya ragu da desibel 60, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Matsalarsa ita ce tamu, magana ce ba ta fita. Kuma maganin da ya samu shi ne wanda kake yi in ka jingina katifa da bargo a bangon situdiyo.

Ka'idar da nake bi: jinkirin farko da wutsiya in an haɗa su, su cika wani adadi na bugu. A gudun 100, in ina son amon murya ya kai bugu biyu, 1,200 ne, in cire 38, saura wajen daƙiƙa 1.16, sai in sa 1.2 ko ƙasa kaɗan. Waƙa mai sanyi da ke da sarari tsakanin layuka tana iya ɗaukar zagaye guda, 2,400 a cire 75, wajen daƙiƙa 2.3. Ga kayan bugu, amon ya mutu kafin bugu na gaba mai ƙarfi ya sauka, wato 300 zuwa 600.

Kada ka riƙe lambar kamar karatun allo. Kowane ribab da yadda yake ƙirga nasa, kuma a cikin kiɗa kunne yana daina jin wutsiyar tun kafin ta kai ƙarshenta. Abin da za ka saurara shi ne numfashi: mawaƙi ya ajiye layi, amo ya biyo, ya lafa, sannan ƴan amshi su shigo a fili mai tsabta. In sun shigo amon jagora bai gama ba, rage. Waƙarmu ta kira da amshi ce, kuma wannan ɗan sararin tsakaninsu shi ne inda mai sauraro ke gyaɗa kai.

Mawaƙin da ke jero kalmomi da sauri, kamar mai kirari, gajeren amo yake so ko da kiɗan a hankali yake tafiya. Yawan gaɓoɓi a bugu ɗaya ya fi lambar BPM faɗa maka gaskiya.

Mataki na shida: yanke ƙasa, yanke sama

Amo mai kauri shi ke mayar da waƙa kunu. Kowane ribab yana da wurin yanke sautuka masu kauri da masu kaifi kafin su shiga cikinsa. Akwai tsohuwar dabara da ake dangantawa da situdiyon Abbey Road na Landan: a yanke duk abin da ke ƙasa da 600 Hz da abin da ke sama da 10,000 Hz, Hz kuwa shi ne ma'aunin kauri da kaifin sauti. Ga murya na kan bi wannan kusan yadda yake. Ga fiyano da shimfiɗa na kan sauko da yankan ƙasa zuwa 250 ko 300 don kada su rame.

Bas da babbar ganga kada ka aika su ribab ko kaɗan.

DAMP kuma yana sa sautuka masu kaifi su riga sauran mutuwa. Shi ne bambancin zauren ƙasa da shagon kwano da muka fara da su. In s da ts na mawaƙi suna ta tsiyaya a cikin amon, sauko da shi wajen 4,000 zuwa 5,000 Hz. Ni na fi son amon da ya karkata wajen zauren ƙasa, yana zama da muryoyinmu da garaya da gurmi fiye da mai ƙyalli.

SIZE, wato girman ɗaki, da DIFF, wato yadda amo ke bazuwa, ba sa buƙatar dogon bayani. Girman ɗaki ya dace da tsawon wutsiya, kada ka sa ƙaramin ɗaki da doguwar wutsiya, zai yi ƙarar gwangwani. DIFF ka ɗaga shi sama ga kayan bugu don amon ya yi sumul.

Kalangu na da tasa matsala. Magana yake yi, makaɗi na matse tsirkiya sautin na hawa yana sauka. Dogon amo yana riƙe sautin da ya wuce ya haɗa shi da sabo, sai zancen kalangun ya dagule. Ba shi kaɗan, gajere.

Mataki na bakwai: nawa za a zuba

Kunna waƙar duka, ba layi ɗaya ba. Ɗaga abin da kake aikawa daga murya har ka ji amon a fili, sannan ka sauke har ya kusa ɓacewa. Kashe layin ribab ɗin ka kunna. In ka kashe ka ji waƙar ta bushe, in ka kunna kuma ba amon ne ya fara zuwa kunnenka ba, ka isa.

Abin saurare na kunne yana ruɗi, komai a cikinsa fili ne. Masu jin waƙarka kuwa a waya za su ji ta, an turo musu ta WhatsApp, ko a ƙaramar lasifika mai baki ɗaya a fada ana dafa shayi, ko a manyan lasifikoki a tsakar gida mai katangar siminti wadda za ta ƙara nata amon a kan naka. Don haka haɗe hagu da dama na waƙar a miksa su zama kamar lasifika mai baki ɗaya ka saurara, sannan ka tura ta wayarka, ka fita waje, ka ba wanda bai taɓa jin ta ba. Ce masa ya maimaita maka baiti na farko. In ya yi tuntuɓe a wata kalma, koma ka duba wurin.

In kana son amo mai yawa kuma kana son kalmomi su fita, akwai hanya. Ɗora Fruity Limiter a bayan ribab ɗin, ka sa muryar ta riƙa danne shi: tana waƙa amon ya sunkuya, ta yi shiru ya ɗago. Lokacin ɗagowar ma daga takarda za ka ɗauko shi, 150 ko 300 a gudun 100.

Mataki na takwas: sauran abubuwan da ke bin gudu

A cikin sintasaiza ba ribab kaɗai ke da lokaci ba. Dile, da LFO mai kaɗa sauti, da mai jera sautuka da kansa, duk suna iya tafiya ko da daƙiƙa ko da gudun kiɗa. A Vital, kusa da lambar saurin dile da ta LFO akwai ɗan wurin zaɓi: daƙiƙa, ko gudun kiɗa, ko mai ɗigo wanda ke ƙara rabin tsawo, ko mai rabuwa uku. Mayar da su kan gudun kiɗa. In kiɗanka mai rabuwa uku ne ka bar dile a kan mai rabuwa biyu, za ka ji wani abu na yi wa kalangu gardama ba ka san daga ina ba. A gudun 100, ɗaya na faɗuwa kowane milisakan 300, ɗayan kowane 200, ba za su taɓa shiryawa ba sai a kan bugu.

In gudun zai sauya a tsakiyar waƙa

Makaɗanmu na gargajiya suna ƙara wuta in rawa ta yi zafi, kuma ba laifi ba ne ka so wannan a waƙarka. A FL Studio, danna dama a kan lambar gudun ka ƙirƙiri layin sarrafa ta, ka ja shi daga 100 zuwa 108, misali, a hankali cikin zagaye takwas ko goma sha shida. Amma ka yi wannan kafin a ɗauki murya. Muryar da aka riga aka ɗauka ba ta bin sabon gudu sai an ja ta, kuma ja yana taɓa ingancinta.

Duk abin da ka ɗaure da gudun kiɗa zai bi da kansa, ko da yake wasu dile suna ɗan karkace sauti a daidai lokacin da gudun ke motsi, don haka saurari wurin da kyau. Abin da ka rubuta da milisakan kuwa yana nan inda ka bar shi. Tazarar 100 zuwa 108 ba ta da yawa, bugu ya sauko daga 600 zuwa wajen 556, sai ka yi lissafin wutsiya da gudun da ya fi sauri tun farko. In sauyin babba ne, sarrafa DEC ɗin ma, ko ka buɗe layin ribab na biyu don wancan ɓangaren.

Da ka samu saitin da ya zauna, adana shi da suna mai gudun a ciki, kamar "murya 100 uku", kuma ka riƙa adana aikin duka bayan kowane mataki, don wuta ba ta sallama in za ta tafi. Wajen fitar da waƙar, duba zaɓin wutsiya a akwatin fitarwa ka sa shi ya bar saura, in ba haka ba manhajar za ta datse amon ƙarshe a daidai inda zagaye ya ƙare. In kana shakka, ƙara zagaye biyu na shiru a bayan bugun ƙarshe, ka saurari fayil ɗin har amon ya mutu da kansa kafin ka tura wa mai waƙa.